Kasuwa Da Rumbu

Jama'a, tun da Edita ya ba ni fili a wannan fitowa, ina so in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman a irin wannan lokaci na shekara da 'yan aji uku ke ta kai da kawowa da kundayensu na gama karatu. Maganar kuwa ita ce, ina ya kamata ɗalibi ya nufa in yana neman abin da magabata suka rubuta a kan batun da ya ke bincike?

Abin da ya tsokano ni shi ne, ran nan wani ɗalibina ya kawo mini babi na biyu na kundinsa, watau babin nan da a ke bitar ayyukan da suka gabata. Batunsa shi ne koyar da yaran firamare da harshen uwa. Yaron nan mai ƙwazo ne, ba ya wasa da aiki, ya kuwa cika shafi wajen 14. Na karanta tun daga farko har ƙarshe ban ci karo da sunan Fafunwa ba. Na ce da shi, "Samari, ina ka baro aikin Ife?" Ya dube ni ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wane aiki ke nan?"

Saboda waɗanda ba su sani ba, a shekarar 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, aka riƙa koyar da waɗansu yara dukan darussa da Yarbanci har shekara 6 na firamare, Turanci kuwa aka mai da shi darasi guda a cikin darussa. An fara ne a wata makaranta a Modakeke, aka ci gaba har 1978, littafin da ya ba da cikakken labarin gwajin kuwa ya fito a 1989. Abin da suka gano a taƙaice shi ne, yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. Akwai malaman da suka soki gwajin, suka ce ai an fifita waɗannan yara da littattafai masu kyau da ƙwararrun malaman Turanci. To, ko ka yarda da Fafunwa ko ka soke shi, ba ka rubuta kundi a kan harshen uwa a Nijeriya ka tsallake shi. Ga Ife nan kuwa, tafiyar da ba ta kai yini ba daga ƙofar kwalejin nan.

Kada wani ya ɗauka tsohon zance ne. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa har shekara 6 na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar an soke ta, an koma ga Turanci. Ɗaliban da mu ke yayewa su za su tsaya a gaban yaran nan da alli a hannu, su iyaye za su tambaya wanne ne daidai. Malamin da bai san an taɓa yin gwaji a ƙasarsa ba, da me zai amsa?

Na tambayi yaron yadda ya yi nemansa. Ya ce ya buɗe Google Scholar a wayarsa, ya zuba kan kundinsa gaba ɗaya kamar yadda sashe ya amince da shi, har da sunan ƙaramar hukumar da zai yi bincike a cikinta. Aka kawo masa sakamako dubbai. Ya kwashi na shafin farko da na biyu, ya tsince waɗanda a ke iya saukewa kyauta, shi ke nan. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, gama ba wanda ya taɓa nuna masa wata hanya. In akwai laifi, namu ne mu malamai.

Bari mu duba abin da Google Scholar ya ke. An buɗe shi a watan Nuwamba na 2004, injiniyoyi biyu na kamfanin Google, Anurag Acharya da Alex Verstak, su suka ƙago shi. Aikinsa shi ne ya bi intanet lungu lungu, duk abin da ya gani mai kamar rubutun ilmi, ko maƙala, ko kundi, ko littafi, sai ya sa a lissafinsa, ba ruwansa da fanni. Ni a ganina babbar kasuwa ce irin ta Kurmi ko Dugbe: ba abin da babu, amma mai gwal da mai gwangwani duk layi ɗaya su ke zaune. Kamfanin bai taɓa fitar da jerin mujallun da ya ke ɗebowa daga cikinsu ba, saboda haka ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki, balle abin da ba ya ciki. Wajen jera sakamako kuma yana ba da ƙarfi ƙwarai ga yawan waɗanda suka ambaci maƙala da kuma dacewar kalmominta da naka. Ko da ya ce maka ya samo dubu ɗari, ba zai nuna maka fiye da 1,000 ba. Wannan ba ya damun yawancinmu, don na san ɗalibin da ya kai shafi na biyar ma ya yi ƙoƙari.

Da ya ke ba mutum ne ke tsaron ƙofa ba, ana iya yi wa injin wayo. A 2010 wani malamin kwamfuta a Giranobul ta ƙasar Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro wani masani na ƙarya ya sa masa suna Ike Antkare, ya sa kwamfuta ta rubuta masa maƙalu wajen 100 na shirme zalla, kowace tana ambaton sauran. Google Scholar ya haɗiye su duka, har mutumin nan da ba a taɓa haifa ba ya shiga sahun masanan da aka fi ambato a duniya. A 2013 kuma wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika da maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai zuwa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Irin waɗannan mujallu na biya-a-buga-maka suna nan birjik, kuma da ya ke kyauta a ke sauke abin da ke cikinsu, su ne ke fara faɗawa hannun ɗalibin da ba shi da kuɗi. Uku daga cikin maƙalun da yarona ya dogara a kansu, da na buɗe su na tarar jimlolin gabatarwarsu kusan iri ɗaya ne, sunan gari kaɗai aka canja.

To, sai rumbun fanni. Abin da na ke nufi da shi shi ne ma'ajiyar da aka keɓe wa fanni guda, aka sa ma'aikata su zaɓi abin da zai shiga, su kuma yi wa kowane rubutu alama. Likitoci suna da PubMed, wanda babban laburaren likitanci na Amurka ya buɗe a 1996. Mu masu aikin koyarwa namu shi ne ERIC, wanda gwamnatin Amurka ta kafa tun shekarun 1960, kuma kyauta ne, ba a tambayarka ko kwabo, ba a ma tambayarka sunanka. Yawancin ɗalibanmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa don su aka yi shi.

Fa'idar rumbu ta farko, wadda kuma na fi so a gane, ita ce maganar kalmomi. Abin da mu ke kira harshen uwa, Turanci yana da sunaye da dama a kansa. Wani marubuci zai ce "mother tongue", wani "first language", wani "home language", marubutan da kuwa "vernacular" su ke cewa, kamar yadda ya ke a kan rahoton nan na UNESCO na 1953. In ka rubuta ɗaya a kasuwa, ba ka da tabbacin masu amfani da sauran za su fito. A ERIC kuwa akwai ƙamus na musamman mai ɗauke da dubban kalmomin da aka tsayar, kowane rubutu ya shigo sai a lanƙaya masa waɗanda suka dace da shi, ko da wace kalma marubucin ya yi amfani. Duk abin da ya shafi harshen da a ke koyarwa da shi yana ƙarƙashin "Language of Instruction". In ka kama wannan, ka haɗa da Nijeriya, ka tattaro tsofaffi da sababbi wuri guda. A gefen hagu kuma akwai inda za ka rage su ta shekara, ko ta matakin makaranta, ko ta ƙasa, akwai kuma ɗan akwatin da za ka taɓa ya bar maka waɗanda masana suka tantance kaɗai.

Haka muka yi ni da yaron nan, a wayarsa, muna zaune a ofishina. Ba mu yi rabin sa'a ba sai ga aikin Ife a gabanmu. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe abin yana nan." Na ce ai ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

A nan wani zai ce, ai da ya rubuta sunan Fafunwa a Google Scholar da ya gan shi nan take. Gaskiya ne, kuma nan ne maganata ta ke. Kasuwa tana yi wa wanda ya riga ya san abin da ya zo saye amfani. Farfesan da ya shekara talatin a fanni ya san sunaye, ya san mujallar kirki da ta banza, in ya shiga ba ya ɓata. Ɗalibi kuwa baƙo ne, bai san sunan abin da ya ke nema ba tukuna, to, ta yaya zai tambaya? Rumbu shi ke koya masa harshen fanni, ya nuna masa wannan kalma tana ƙarƙashin waccan, waccan kuma 'yar'uwar wancan ce. Mako biyu a cikinsa sun fi masa wata biyu na yawon kasuwa.

Fa'ida ta biyu ita ce, abin da ka yi a rumbu yana maimaituwa. In ɗalibi ya rubuta mini cewa ya nemi kalma kaza da kaza a ERIC ran kaza, daga shekara kaza zuwa kaza, zan iya zama in bi sawunsa in ga ko abin da ya faɗa haka ne. Wannan shi ne bambancin bincike da tsintuwa. Waɗansu masana biyu, Michael Gusenbauer da Neal Haddaway, sun gwada hanyoyin nema guda 28, suka buga sakamakon a 2020, suka ce Google Scholar bai dace ya zama ginshiƙin nema ga mai son yin bita ta tsanaki ba, sai dai ya zama mataimaki. Na yarda kundin ɗalibinmu bai kai irin wannan bita zurfi ba, amma hali tun daga ƙuruciya a ke koyonsa.

Wani abokin aikina, da muka yi wannan gardama a ɗakin malamai, ya ce da ni, "Malam, kai dai kana son wahal da yara. Wannan rumbu naka na Amurkawa ne, damuwarsu ce a ciki, ba tamu ba." Ban iya ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Kusan duk abin da ke cikin ERIC da Turanci ya ke, kuma in ka nemi batu ba ka sa sunan ƙasa ba, makarantun Amurka za su rufe ka. Mujallun kwalejojinmu da na jami'o'inmu kaɗan ne suka samu shiga. Har wa yau, rumbun da ke hannun gwamnatin wata ƙasa yana bin iskar siyasarta: a 2025 an rage kuɗin da a ke kashewa a kan ERIC, aka kuma rage yawan mujallun da ya ke tattarawa. Amma fa kasuwar ma a hannun wani ta ke. Kamfanin Microsoft yana da irin nasa injin neman rubutun ilmi, masu bincike da yawa suka dogara a kansa, a ƙarshen 2021 ya rufe shi, ba wanda ya isa ya ce don me.

Amsar da na ba abokina ita ce, in rumbun maƙwabci bai ishe ka ba, ai sai ka leƙa na gida. Akwai AJOL, wanda aka fara a 1998 don mujallun da a ke bugawa a Afirka, yana da mazauni a Afirka ta Kudu, yana ɗauke da mujallu fiye da 500, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a ciki. Shi ba na fanni guda ba ne, kuma ba shi da ƙamus irin na ERIC, amma ana duba mujalla kafin a karɓe ta, kana kuma iya ganin jerin sunayensu ka san inda ka shiga. Ɗalibin da ke rubutu a kan makarantun ƙasar nan bai leƙa shi ba, nemansa bai cika ba. Akwai kuma rumbunan da a ke biyan kuɗi, irin su JSTOR mai tsofaffin mujallu tun daga fitowarsu ta farko. Waɗannan sai ka je wurin ma'aikatan laburare ka tambaya wanne kwaleji ke da izinin shiga. Na lura ɗalibanmu suna ɗaukar mutanen nan kamar masu gadin littattafai ne kawai, alhali neman rubutu shi ne sana'ar da suka karanta.

Kada kuma a ce na ce a ƙaurace wa Google Scholar. Ni kaina kullum ina cikinsa. Yana da abu guda da ERIC ba shi da shi: a ƙarƙashin kowace maƙala yana nuna maka waɗanda suka ambace ta bayan fitowarta. Da muka samu littafin Ife, sai muka koma can muka rubuta sunansa, muka taɓa wannan wuri, sai ga waɗanda suka yabe shi da waɗanda suka soke shi, har zuwa 'yan shekarun nan, daga Nijeriya da waɗansu ƙasashe. Haka kuma in rumbu ya nuna maka sunan maƙala da taƙaitawarta amma ya ce sai ka biya, sau da yawa kasuwa ta kan nuna maka inda marubucin ya ajiye kwafi kyauta a jami'arsa. In batunka ya ratsa fanni biyu, kamar ciwon ido da karatun yara, nan ma yana taimako. Abin da na ke ja a kai shi ne wa ke gaba wa ke baya. Ka fara da rumbu ka san sunaye da kalmomi, sa'an nan ka shiga kasuwa kana sane da abin da ka zo saye.

Game da injunan nan masu hira da mutum da suka bazu tun ƙarshen 2022, magana ɗaya zan yi. Su kan ƙirƙiro sunan maƙala da na marubuci da shekara, duk a jere tsaf kamar gaske, alhali ba a taɓa rubuta ta ba. Duk ɗalibin da ya kawo mini sunan aikin da na nema a rumbu da kasuwa ban gani ba, zai zo ya nuna mini shi da hannunsa.

Saura magana ga 'yan sashenmu na Hausa, don ku abin ya fi shafa, kuma ku ne duk hanyoyin nan biyu suka fi cuta. Mafi yawan abin da aka rubuta da Hausa a kan Hausa ba ya cikin ERIC, ba ya kuma cikin Google Scholar. Yana cikin mujallu na takarda irin su Harsunan Nijeriya, wadda cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta daɗe tana bugawa, da takardun tarurruka, da kundayen digiri da ke jere a kantocin laburare a Kano da Zariya da Sakkwato. Ɗan abin da ya hau intanet ma, haruffanmu masu lanƙwasa su kan jawo matsala. Wani ya rubuta "waƙa" da lanƙwasa, wani ya rubuta "waka", wani ya sa ɗigo ko waƙafi, saboda haka sai ka gwada kowane rubutu daban. Sau nawa ɗalibi ya zo ya ce mini, "Malam, ba wanda ya taɓa yin aiki a kan wannan batu"? Abin da ya ke nufi shi ne wayarsa ba ta nuna masa ba. In na miƙa hannu bayan kujerata sai in ɗauko masa kundi biyu a kan batun.

Mu ma muna da namu rumbun, ko da ya ke ƙarami ne. Sergio Baldi, wani malami ɗan Italiya, ya buga jerin ayyukan da aka yi a kan Hausa a 1977. Farfesa Paul Newman na Jami'ar Indiyana a Amurka ya tattara na nazarin harshen Hausa da danginsa na Cadi, ya buga a 1996, daga baya ya faɗaɗa shi aka sa a ma'ajiyar jami'arsa, kowa na iya saukewa kyauta. Mai rubutu a kan nahawu ko tsarin sauti ya fara da wannan. Ba zai ba ka maƙalar kanta ba, amma zai gaya maka akwai ta, da wanda ya rubuta, da inda aka buga, sauran kuwa aikin ƙafa ne da na roƙon malamai. Mu da mu ke nesa da ƙasar Hausa mun fi kowa bukatar wannan, domin in ɗalibi zai kashe kuɗin mota zuwa Kano ko Zariya lokacin hutu, gara ya tafi da jerin abin da zai nema a aljihu.

Ina roƙon hukumar kwaleji ta duba ko za a keɓe ko da sa'a biyu a darasin hanyoyin bincike, a kai ɗalibai laburare a nuna musu waɗannan abubuwa a aikace kafin su zaɓi batu. Ni dai a nawa ɓangare na riga na yanke shawara. Daga zango mai zuwa, duk wanda na ke duba kundinsa, kafin ya kawo mini babi na biyu zai fara kawo mini takarda guda, ya rubuta rumbunan da ya shiga, da kalmomin da ya nema a kowanne, da ranar da ya nema, da kuma laburaren da ya taka da ƙafarsa. In takardar nan ba ta zo ba, ba zan karanta babin ba. Yaron da ya jawo duk wannan magana shi ya fara kawo tasa, ranar Litinin da ta wuce, babinsa kuwa ya sauko daga shafi 14 zuwa 9.